Rafin Dilimi: Shi Ya Haifi Jos, Jos Ta Mayar Da Shi Juji

Duk wanda ya zauna a Jos ya taɓa haye rafin Dilimi, ko da bai san sunansa ba. Yana bi ta ƙarƙashin gadoji, ta bayan gidaje da garejin makanikai, ya ratsa gari daga kudu ya nufi arewa. Da rani siririn ruwa ne baƙi, mai ɗoyi, yana lallaɓawa tsakanin leda da robobi. Da damina kuwa, in hadari ya sauka a kan duwatsu, kafin ka ankara ya cika ya batse, ja wur, ɗauke da duk abin da aka jibga masa tun kaka. Yawancin mutanen gari in ka ce musu Dilimi, kasuwar kayan gyaran mota ce ke faɗo musu a rai. Ni a ganina rainin da ake yi wa wannan rafi kuskure ne mai tsada, kuma masu biyan kuɗin sun wuce mutanen Jos. Akwai na Bauci a ciki, akwai na Yobe, har da na Jamhuriyar Nijar.

Sai an san inda ruwan ya fito da inda za shi kafin a gane abin da nake nufi. Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga doron teku, duwatsun Shere da ke gabas da ita kuma sun haura mita 1,800. Wannan tudu yana samun ruwan sama kimanin milimita 1,400 a shekara, daga Afrilu zuwa Oktoba, fiye da ninki biyu na abin da Nguru ko Gashuwa ke samu. Ruwan da ya zuba a nan kowace kusurwa yake bi. Na yamma ya zama kogin Kaduna ya faɗa kogin Kwara. Na gabas ya zama Gongola ya faɗa Binuwai a Numan. Na kudu ya gangara ta kogin Mada da 'yan'uwansa, shi ma zuwa Binuwai. Duk waɗannan teku suke ƙarewa. Na arewa shi ne ya bambanta: ƙananan ƙoramun da ke sauka daga duwatsun gabashi da kudancin Jos suna haɗuwa su zama Dilimi, ya wuce Naraguta, ya shiga ƙasar Toro a jihar Bauci, can gaba a kira ruwan Bunga, sannan Jama'are. Ya bi ta ƙasar Katagum, ya haɗu da kogin Haɗeja a kusa da Gashuwa, su zama kogin Yobe. Daga nan sai Gaidam, sai ya zama iyaka tsakanin Najeriya da Nijar, ya wuce Diffa, ya ƙare a tafkin Cadi wajen Bosso.

Ba zan kambama shi fiye da ƙima ba. Dilimi ɗaya ne cikin rafuka masu yawa da ke ciyar da Jama'are, kuma mafi yawan ruwan tafkin Cadi daga kogunan Shari da Logon yake zuwa, ta kudu. Amma ga mai noman shinkafa a fadamar Katagum, da masunci a Gashuwa, da mai noman tattasai a Diffa, ruwan Shari ba ya tsinana musu komai. Nasu ruwan ta wannan hanya yake zuwa. Kuma nauyin da ke kan Jama'are ya ƙaru tun da aka datse ɗan'uwansa Haɗeja. An gina madatsar Tiga a 1974, aka gama ta Calawa a 1992, ruwan Haɗeja ya koma hannun masu buɗe ƙofa da rufewa, ga ciyawar kacala ta toshe hanyoyinsa a dausayin Haɗeja da Nguru. Jama'are shi ne babban reshen da har yanzu yake kawo ambaliyarsa ta shekara yadda Allah ya tsara ta, domin madatsar Kafin Zaki da aka daɗe ana maganar gina masa ba a kammala ta ba. An shafe shekaru ana jayayya a kan wannan madatsa, Bauci na so, Yobe da Borno na tsoron ƙishirwa. Abin da ke ba ni mamaki shi ne duk wannan jayayya a kan tsakiyar kogi ake yin ta da ƙarshensa. Ban taɓa jin an ɗaga murya haka a kan inda ya faro ba.

Ga shi kuwa Jos kanta bashin wannan rafi ke kanta, domin ba don shi ba da babu garin a yadda muka san shi. Tun kafin Bature ya zo, mutane na wanke yashin Dilimi da ƙwarya suna tsintar kuza. Akwai maƙera masu narka ta su fitar da dalma a Liruwen Dalma da Riruwai ta ƙasar Kano, suna zuba ta siri-siri kamar tsinke, fatake su ɗauka su kai kasuwanni masu nisa, har Ibi a bakin Binuwai. A irin waɗannan kasuwanni ne ma'aikatan Kamfanin Neja na Turawan Ingila suka ga dalmar, suka shiga neman tushenta. A 1902 wani injiniya mai suna George Nicolaus ya bi sawu har ya iso bakin Dilimi ta wajen Tilde. Shekara ta zagayo aka turo Henry Laws da sojoji, ya kafa sansani, daga baya ya matsa Naraguta. Anaguta da Afizere da Berom da ke zaune a kan tudun ba wanda ya nemi yardarsu, da bindiga aka buɗe ƙasar. Maƙeran da suka riga kowa sanin kuzar kuma, cikin 'yan shekaru aka raba su da sana'arsu, aka ba kamfanoni lasisin ƙasar da kakanninsu ke wankewa.

Daga nan komai ya bi rafin. Ƙaramin jirgin ƙasa da ya taso daga Zariya ya iso a 1914, babban layin dogo daga gabas ya iso a 1927. An kafa Lardin Filato a 1926 da Jos a matsayin hedikwata. An datse ruwa a Kurra aka samar da lantarki don injinan haƙa, shi ya sa wannan yanki ya ga wuta tun yawancin biranen Arewa na kunna fitilar aci-bal-bal. Hausawa da Kanuri da Ibo da Yarabawa da Urhobo suka yi ta kwararowa, wasu leburori, wasu 'yan kasuwa, wasu akawu. Lokacin yaƙin duniya na biyu, da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuza, sai ta juyo kan Filato. Aka kawo aikin tilas, wanda tsofaffi ke kira ɗiban gwamna. Aka kwaso dubban mutane daga larduna, aka zuba su a sansanoni cikin sanyin da ba su saba da shi ba, ga ƙarancin abinci, da yawa ba su koma gida ba. A 1943 an fitar da kuza sama da tan 17,000. Duk wanda kakansa ya zo Jos a wancan zamani, ko daga Sakkwato ko daga Katsina ko daga Borno, to yana da tarihi a bakin waɗannan rafuka ko bai sani ba.

Haƙar kuza a Filato aikin ruwa ne daga farko har ƙarshe. Kuzar tana kwance ne a tsoffin hanyoyin ruwa, a ƙarƙashin ƙasa da tsakuwa. Sai a karkatar da rafi ta wata hanya da aka gina, a yaye ƙasar sama, a kwaso ta ƙasa, a wanke ta. Kuza mai nauyi ta zauna, laka da yashi su bi ruwa su gangara. Da farko da diga da kwano a ka ake yi, daga baya aka kawo manyan injinan yaye ƙasa da famfunan da ke feshin ruwa da ƙarfi suna rushe gaɓa. Shekara sama da sittin ana haka. Abin da ya rage shi ne abin da kowa ke gani a hanyar Bukuru da Rayfield da Barikin Ladi: tulin jar ƙasa, da ɗaruruwan kududdufai masu zurfi da ke cin yara da dabbobi, da ragowar yashin da masana suka sha yin gargaɗi cewa yana ɗauke da ma'adinai masu fitar da tururi mai cutarwa, amma ana kwasarsa ana gini da shi. An shuka itatuwan turare a wasu wuraren da aka cike, amma mafi yawan ramukan haka aka bar su. Da kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985, manyan kamfanonin da suka rage suka watse. Ribar ta tafi Landan da Legas, laka ta zauna a gadon rafi. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Gwamnatin tarayya ce ta gaji haƙƙin ma'adinai da harajinsu daga hannun Turawa, don haka askin nata ne, kuma har yau ba ta yi shi yadda ya kamata ba.

Duk da wannan wahala rafin bai daina ciyar da mutane ba. Da aikin kuza ya ja baya, leburori da yawa suka koma lambu a gaɓar Dilimi da bakin kududdufan. Da jigo aka fara, daga baya injin ban ruwa ya shigo. Sanyin Jos ya ba da abin da zafin Kano ba ya bayarwa cikin sauƙi: kabeji, latas, karas, koren wake, kokwamba, dankalin Turawa. Kasuwar Farin Gada ta zama matattara, motoci na lodi suna tafiya Abuja da kudu. Masu lambun nan sun daɗe suna wani abu da ya kamata a yaba musu, wato sayen tokar bola da sharar gari suna zubawa a gona a madadin taki. A zamanin da shara ganye ce da toka da ɓawo, wannan dabara ce mai kyau, gari ya tsabtace, ƙasa ta ƙoshi. Yanzu sharar ta canja. Akwai leda, akwai batir, akwai fasassun kwalabe da tarkacen waya. Ruwan da ake jawowa da inji kuma ya riga ya bi ta bayan masai da mayanka da wurin wankin mota da inda ake zubar da baƙin mai. Malaman Jami'ar Jos, wadda rafin ke bi ta gefen harabarta a Naraguta, sun sha auna wannan ruwa suna samun ƙwayoyin cuta da ƙarafa masu guba. Latas kuwa ba a dafa shi. Wanda ke cin salak a Abuja yana ganin ba ruwansa da Dilimi, alhali Dilimin ne a farantinsa.

Wani zai ce ai rafin cikin gari dama haka yake, me ake so ya zama? Amsar tana nan kusa, kilomita 15 kacal daga Jos. A Laminga akwai dajin Amurum, ɗan ƙaramin wuri mai faɗin kimanin hekta 300, wanda mutanen garin suka tsare tun kaka da kakanni saboda al'adarsu. A nan aka kafa cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis a 2001, ƙarƙashin Jami'ar Jos, kuma ɗalibai daga ƙasashen Afirka ta Yamma ke zuwa karatu. Wanda ya shiga kurmin da ke bin ƙoramun wurin zai ga yadda bakin ruwa yake a tudun nan kafin a taɓa shi. Itatuwa sun haɗe ta sama, ƙasa na da danshi har cikin rani, ruwa garai-garai yana bin dutse. An ƙirga tsuntsaye kusan iri 300 a wannan ɗan wuri. A kan duwatsu akwai rema da birai, a bakin ruwa akwai kaguwa da kwaɗi da mazari.

Labarin tsuntsaye biyu na wurin ya isa a koya wa kowane ɗan makaranta a Filato. Akwai wani ɗan baƙin tsuntsu mai sheƙi da ba ya gina sheƙa, sai dai ya saka ƙwansa a sheƙar wani, a ƙyanƙyashe masa, a rena masa. Ɗan da ya tashi a gidan aro yakan koyi kukan masu renonsa ya riƙe har girma. Wani masani mai suna Robert Payne ya saurari kukan wannan baƙin tsuntsu na Filato, ya ji yana kwaikwayon wata murya da ba ta yi daidai da ta tsuntsayen da aka sani ba. Bin wannan murya ya kai ga wani ɗan jan tsuntsu mai zama a duwatsu, wanda sai a 1998 aka shigar da shi littafin masana a matsayin sabon iri. Masu kallon tsuntsaye na tasowa daga Turai don su ga waɗannan biyun. Ba wai Amurum ta fi sauran wurare albarka ba ne tun asali. Bambancin kawai shi ne a can an bar itatuwan bakin ruwa a tsaye.

Kuma itatuwan nan aiki suke yi, aikin da siminti ba ya iyawa. Tudun Jos dutse ne, ƙasar da ke kansa ba ta da kauri a wurare da yawa. Ruwan sama in ya zuba, ko dai ciyawa da saiwa su riƙe shi ya nutse a hankali ya riƙa tsattsafowa har rani, ko kuma ya zubo gaba ɗaya a sa'a guda. Kowane gida da aka gina a gangaren dutse, kowane fili da aka shafe da siminti, kowace bishiya da aka sare don gawayi, ƙari ne ga ruwan da zai zubo a sa'a guda, ragi ne ga wanda zai saura a watan Maris. Shi ya sa rafi ɗaya ke ba mu masifa biyu, ambaliya a Yuli da Agusta, ƙamfa da ɗoyi a bazara. Masu kwasar yashi da tifa suna ƙara zurfafa gado, gaɓa na zubewa. Masu haƙar kuza na yau, matasa da mata da talauci ya tura ramukan haƙar hannu da ake kira loto, suna ƙara laka a kan ta da.

Mun ga abin da hakan ke jawowa. A daren 22 ga Yuli, 2012, cikin watan azumi, aka yi ruwa mai ƙarfi, madatsar Lamingo ta tumbatsa, ruwa ya gangaro ta Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo. Mutane fiye da 30 suka rasu, yara da yawa a cikinsu, ɗaruruwan gidaje suka rushe. Allah ya jiƙansu. An kai gudunmawar shinkafa da tabarmi, manya sun je jaje, an yi alkawura. Da aka kwana biyu, mutane suka koma suka sake gini a inda ruwa ya share, tun da ba su da wani wurin. Mun yarda da ƙaddara, amma wanda ya toshe hanyar ruwa da bola, da wanda ya sayar da fili a cikin gadon rafi, da jami'in da ya sa hannu ko ya kau da kai, kowannensu yana da amsar da zai bayar.

A nan ne nake rabuwa da masu ganin maganin abin shi ne katafila. Duk lokacin da aka tashi zancen gyaran rafi, abin da talaka ke ji shi ne rusau, kuma yana da dalilin jin tsoro. Mutanen da ke zaune a bakin Dilimi ba sha'awar sauro da wari ce ta kai su ba. Rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 sun raba Jos gida biyu, kowa ya gudu inda yake ganin zai kwana da ido biyu rufe. Unguwannin da suka riga suka cika suka ƙara cika, ba damar faɗaɗawa, sai gangarawa bakin ruwa. Wanda ya rasa gidansa a wata unguwa ya sayi ɗan fili a gaɓa da abin da ya rage masa, in ka zo ka rushe ba tare da ka ba shi wani wuri ba, ka zalunce shi sau biyu. Kuma a gari irin Jos, rusau da aka yi a unguwa ɗaya aka tsallake wata, ko da niyya mai kyau aka yi, fassarar da za a yi masa daban ce. Gwamnatin jiha ta fitar da umarni a 2024 kan gine-ginen da ba bisa ƙa'ida ba. Dokar hana gini a hanyar ruwa abu ne mai kyau, amma adalcinta yana ga yadda aka zartar da ita: a fara da sabon gini kafin tsoho, a fara da mai ƙarfi kafin mai rauni, otal da gidan mai da katangar babban mutum kafin ɗakin bazawara, kuma a tanadi fili da diyya kafin a shafa jan fenti a bango.

Haka zancen shara. Yana da sauƙi a zagi matar da ta aiki yaro ya juye bola a rafi. Amma in unguwa ba ta da hanyar da motar shara za ta shiga, ba ta da wurin tarawa, ba ta da masai na kirki, ina ake so ta kai? Wa'azi yana da amfani, kuma muna da abin yin sa. Musulmi ya san hadisin da ya hana yin bahaya a mashayar ruwa da kan hanya da inuwar da mutane ke hutawa, ya san wanda ya ce mutane sun yi tarayya a ruwa da ciyawa da wuta. Kirista ya san an sa mutum a gona ne don ya noma ta ya kuma kiyaye ta. Limamai da fastoci za su iya ware mako guda a shekara, kafin saukar damina, su yi magana a kan wannan da murya ɗaya. Sai dai wa'azin da ba a haɗa shi da kura da baro da motar kwasa ba, iyakarsa ƙofar masallaci da coci. Matasan da ke tura baro suna karɓar shara gida-gida a kan ɗan kuɗi sun riga sun nuna ana iyawa. Abin da suke buƙata shi ne wurin da za su kai wanda ba rafi ba, da mota mai zuwa a kan lokaci.

Akwai kuma wani alheri da nake hange a nan. Rafin ya ratsa unguwannin Musulmi da na Kirista, bai tambayi kowa addininsa ba. Abin da na sama ya zubar, na ƙasa ke sha. Kwalara in ta ɓulla a Jos ta Arewa ba ta duba shingen da muka kafa tsakaninmu. An kashe kuɗi da yawa a tarukan zaman lafiya a otal-otal, ana ci ana sha ana watsewa. Da za a haɗa matasan unguwanni biyu da ke fuskantar juna a gaɓa, a ba su aikin yashe wuri ɗaya da shuka itatuwa a kai, a biya su lada iri ɗaya, ina ganin da an fi samun abin da ake nema.

To wa zai biya? A nan nake kira ga jihohin da ke ƙasa. Tun 2006 jihohi shida, Filato da Bauci da Kano da Jigawa da Yobe da Borno, suka kafa asusun haɗin gwiwa don kula da kogunan Haɗeja da Jama'are da Yobe, mai ofis a Damaturu. Shigar Filato cikin wannan asusu amincewa ce da cewa kogin daga nan ya faro. Amma hankali ya fi karkata ga yankan kacala da yashe hanyoyin ruwa a dausayi. Wannan aiki ne da ya wajaba, sai dai yashin da ake kwashewa a ƙasa daga sama yake zuwa, kuma zai ci gaba da zuwa. Ya kamata a ware wani kaso sananne na kuɗin don kan kogi: shuka itatuwan asali irin su malmo da ɓaure a gaɓa, ɗaure kwazazzabai, cike ramukan da ke zubar da laka. Akwai kuma asusun kula da muhalli na tarayya da aka kafa tun 1981, wanda jihohi da ƙananan hukumomi ke samun kasonsu. Ɗan Filato yana da haƙƙin ya tambayi nawa ne daga ciki ya taɓa isa bakin Dilimi. A 2018 an yi babban taro a Abuja kan tafkin Cadi, aka yi ta zancen jawo ruwa daga kogin Kwango ta hanya mai tsawon kilomita 2,400, a kan kuɗin da aka ƙiyasta ya kai dala biliyan 50. Har yau ba a haƙa ko taku ɗaya ba. Ɗan abin da ake buƙata don kare ruwan da muke da shi a hannu bai kai a kwatanta da wannan ba.

Masu lambu su ne nake so a fara da su, domin su ne kaɗai mutanen gari da ke duban rafin kullum da idon mai buƙata. Sun san watan da ruwa ke ja, sun san kwatar da ke kawo baƙin mai, sun san inda gaɓa ke shirin zubewa. Yawancinsu aron fili suke yi ko haya, kowace shekara suna fargabar mai fili zai sayar a yi gini. In gwamnati ta ayyana gaɓar a matsayin wurin da ba a gini, ta bar su su ci gaba da noma a kai bisa sharaɗin su bar 'yan taku daga bakin ruwa don itatuwa da ciyawa, to ta samu masu gadi da ba sai ta biya su albashi ba. Gonar kabeji in ruwa ya malale ta, asarar kaka ɗaya ce. Gida in ruwa ya shige shi da tsakar dare, rai ake rasawa.

Jami'ar Jos kuma tana da ɗalibai masu karatun ƙasa da ruwa da halittu, ga rafi a ƙofarta. A kafa ma'aunin ruwa a gadoji uku ko huɗu, daga sama zuwa Naraguta, a riƙa auna tsayinsa da tsabtarsa kowane wata, a riƙa karanta sakamakon a rediyo da Hausa da sauran harsunan jihar yadda mai lambu da mai unguwa za su ji. A haɗa masu kula da madatsar Lamingo da masu unguwannin Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo ta waya, yadda in ruwa ya kusa tumbatsa da dare, za a tashi mutane ta lasifikar masallaci da ƙararrawar coci kafin ya iso. Wannan na ƙarshen ba ya buƙatar kasafin kuɗi ko zaman majalisa, kuma ana iya gama shirya shi kafin ruwan Yuli mai zuwa.